Daga Zauren Fatoma Zuwa Zauren Waya: Baƙunci da Neman Abokan Ciniki a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya san kudancin Jihar Katsina, watau daga Malumfashi da Ƙafur zuwa Bakori da Ɗanja da Funtuwa, har a dangana da Ɗandume da Sabuwa da Faskari, ya san cewa nan ne rumbun jihar. Ruwan saman wannan yanki ya fi na arewacin jihar yawa, ƙasarsa kuma tana karɓar masara da dawa da auduga da waken suya da shinkafa, ga tumatir da rake a fadamun Ɗanja. Inda amfanin gona ya yawaita kuwa, nan fatake kan yada zango. Amma mai saye da ya taso daga Kano ko Ikko ko Maraɗi bai san ƙofar rumbun kowa ba, manomi kuma bai san aljihun da kuɗi suke ba. Tilas a sami wanda zai haɗa su.

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu tsakanin masu sana'a, a nan da sauran sassan duniya. Mutane masu sana'a iri ɗaya sukan buɗe zaure a wayar hannu, galibi a WhatsApp ko Facebook ko Telegram, suna musayar labarin farashi da na kaya. Lokaci lokaci mai zauren yakan gayyato wani masani ko ɗan kasuwa daga waje, ya ba shi ragamar zauren na dare ɗaya, ya yi bayani a kan abin da ya ƙware, a yi masa tambayoyi ya amsa. Baƙon ba ya karɓar lada a fili. Ladansa shi ne mutanen da za su neme shi da ciniki bayan an tashi. Wannan makala za ta bayyana yadda abin yake gudana, da tushensa a cikin al'adar kasuwancin Hausawa, da kuma abu ɗaya da tsohon tsari yake da shi wanda sabon bai gama gado ba tukuna, watau lamuni.

Kalmomin da Abin ya Rataya a Kansu

Ɗalibin harshe zai fara da lura da sunan da Hausawa suka zaɓa. Wasu kan ce guruf, wasu dandali, amma kalmar da ta fi zama a bakin masu rubutu da masu magana a natse ita ce zaure. Wannan faɗaɗa ma'ana ce mai hikima. Zaure a gidan Bahaushe shi ne iyakar da baƙo namiji yake tsayawa. A nan maigida yake karɓar gaisuwa, a nan malami yake ba da karatun littattafai har ake cewa makarantar zaure, a nan maɗinki ko baduku yake aikinsa, a nan kuma ake ƙulla ciniki da aure. Zaure yana da mai shi, ba a shigarsa sai da sallama, kuma abin da aka faɗa a cikinsa yana da shaidu. Da aka ɗauki kalmar aka ɗora wa taron waya, sai ta tafi da waɗannan ƙa'idoji gaba ɗaya a zukatan mutane, ko da na'urar ba ta san da su ba.

Kalma ta biyu ita ce baƙo. Hausa ta haɗa ma'ana biyu a cikinta: wanda aka saukar ana girmama shi, da wanda ba a san shi ba. Shi ya sa ake jin "baƙonka annabinka" a baki ɗaya, a wani bakin kuma a ji "baƙo raɓa ne". Na farko yana umarni da karramawa, na biyu yana tunatarwa cewa gobe da hantsi ba za a gan shi ba. Duk matsalar ciniki da baƙo tana tsakanin waɗannan ma'anoni biyu.

Ta uku ita ce fatoma, watau mai saukar da fatake. Kalmar ta shigo ne daga Barebari, inda fato yake nufin gida, ɗafin -ma kuma yake nuna mai abu. Ke nan fatoma da maigida ma'anarsu ɗaya, kuma a zangunan Hausawa na kurmi da na Gwanja maigida ake cewa. Dillali kuwa shi ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, abin da yake samu shi ne la'ada. Lamuni shi ne mutum ya tsaya wa wani, ya ce in bai biya ba a zo gare shi.

Fatoma da Baƙinsa

Tun zamanin da ayari yake tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, falke ba ya sauka a garin da ba shi da maigida. Aikin maigida ya wuce ba da ɗaki da tuwo. Shi ne mai ajiye kayan baƙo da kuɗinsa, shi ne mai gaya masa farashin gari na gaskiya, shi ne mai tura yaransa dillalai su nemo masu saye, kuma shi ne tafinta idan harshe ya bambanta. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana fitowa daga la'adar cinikin da aka ƙulla a ƙarƙashin inuwarsa. Ke nan kyautar masauki ita ce tallarsa, kuma falken da ya ji daɗin sauka shi ne zai jawo masa wasu biyar baɗi.

Masana na waje sun yi nazarin wannan tsari. Polly Hill ta yi rubutu a kansa a 1966 bisa abin da ta gani a Kumasi, Abner Cohen kuma ya fitar da littafi a 1969 game da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Abin da Cohen ya nuna game da cinikin shanu ya cancanci a tsaya a kansa. Falke yakan kawo shanu daga arewa, mahautan gari su ɗauka bashi, su yanka su sayar, sa'an nan su biya bayan 'yan makonni. Falken bai san mahautan ba, kuma babu takarda. Abin da ya sa yake sakin dukiyarsa shi ne maigidansa ya tsaya. Idan mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in kuwa ya ƙi, labari zai kai arewa kafin wata ya mutu, baƙinsa su koma gidan wani. Gidajen maigida da iyalinsa da sunansa duk suna nan a unguwa, ba ya iya naɗe su ya gudu da dare. Wannan shi ne ainihin jarinsa.

A ƙasar Malumfashi ma an yi irin wannan nazari. Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara daga 1977 zuwa 1979, ya bi 'yan kwarami da masu ajiyar hatsi kasuwa kasuwa, daga baya ya fitar da littafinsa a 2014. Ya nuna cewa kuɗin sayen hatsi a ƙauye yana gangarowa ne ta hanyar amana, daga babban ɗan kasuwa zuwa yaronsa na ƙauye, daga shi zuwa na ƙasa da shi, kuma arzikin mutum ba ya rabuwa da yawan jama'ar da yake ɗauke da nauyinsu. Wanda ya ci amanar ubangidansa sau ɗaya ya toshe wa kansa rijiyar da yake sha.

Yadda Kasuwar Yankin ta Sauya

Funtuwa gari ne da ciniki ya raya. Kafin zuwan Turawa, Maska ce babban gari a wannan ƙasa, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa yake riƙe da sarautar Sarkin Maska. Auduga da hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, su suka ja jama'a zuwa Funtuwa. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a nan da kuma Malumfashi. A wancan zamani hanyar sayar da auduga ɗaya ce: manomi ya kai fuloti, a duba daraja, a auna, a biya shi farashin da hukuma ta yanka. Wakilai masu lasisi da 'yan baranda suna tsakani, amma ba a bukatar neman mai saye, domin mai sayen sananne ne. Da aka sake fasalin hukumomin ciniki a 1977, a Funtuwa aka ajiye hedkwatar Hukumar Auduga ta Nijeriya.

Abu biyu suka canza wannan hali. Na farko shi ne Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki, ya baza malaman gona, ya kuma taimaka ƙwarai wajen mai da masara amfanin sayarwa, alhali a dā 'yar bayan gida ce da ake gasawa a ci kafin gero ya nuna. Na biyu shi ne rushe hukumomin ciniki a 1986. Daga wannan shekara babu farashin hukuma, kowa sai ya nemi mai sayensa. Masarar Ɗandume da Bakori ta kama hanyar kasuwar Dawanau ta Kano da kamfanonin abincin kaji na kudu, masu sayar da taki da iri da maganin feshi kuma suka yawaita har suna gogayya a kan manomi ɗaya. Tun daga lokacin, sanin mutane ya zama rabin jari.

Sai wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Da farko aikinta bai wuce tambayar farashi ba. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, aka ƙara masa saƙon murya a 2013, kuma wannan ƙari shi ne ya buɗe ƙofa ga ɗimbin 'yan kasuwa da manoma waɗanda karatun boko bai wadace su ba, domin mai baki ba ya bukatar alƙalami. A 2016 aka ƙara yawan mutanen da zaure ɗaya zai ɗauka zuwa 256, a 2022 ya kai 1,024. A 2018 kuma aka ba mai zaure ikon rufe bakin kowa ya bar na waɗanda ya zaɓa. Da wannan iko ne baƙuncin dare ɗaya ya sami tsari, domin an iya yin shiru a saurari mutum ɗaya kamar yadda ake yi a zauren malam.

Yadda Ake Baƙuncin

A ƙaddara wani mai shagon kayan gona a Funtuwa yana son manoman Ƙafur su san shi. Yana iya buɗe nasa zauren, amma tara mutum ɗari uku masu sauraro aikin shekara ne, kuma mutane ba su cika zama a zauren da suka san talla kawai za a yi musu ba. Hanya mafi kusa ita ce ya nemi wanda ya riga ya tara su, watau shugaban wata ƙungiyar manoma ko wani dillali mai jama'a, ya roƙi a ba shi dare ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Idan mai zaure ya yarda, yakan yi shela kwana biyu ko uku kafin ranar, ya faɗi sunan baƙo da garinsu da sana'arsa da abin da zai yi magana a kai. Galibi bayan sallar isha'i ake sa lokaci, sa'ad da an dawo daga gona da kasuwa. In lokaci ya yi sai a rufe zaure, mai zaure ya yi sallama ya gabatar da baƙo. Wannan gabatarwa ita ce mafi tsadar abin da baƙo zai samu a daren, domin idan mai zaure ya ce, "Alhaji wane na san shi, na san shagonsa, na sha sayen kaya a wurinsa," to ya ɗebi amanar da ya tara shekara da shekaru ya zuba a hannun baƙo.

Sa'an nan baƙo ya shiga bayani da gajerun saƙonnin murya, yana haɗawa da hotuna. Gwani a wannan fage ba ya fara da kayansa. Yakan ɗauki matsalar da take ci wa masu sauraro tuwo a ƙwarya a daidai wannan lokaci na shekara. Da bazara zai yi maganar yadda ake gane takin da aka gauraya da yashi, da bambancin aikin kamfa da yuriya da sufa, da lokacin da ya dace a zuba kowanne. Da damina ta yi nisa zai yi maganar tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, da dalilin da ya sa feshin sassafe ko na yamma ya fi na tsakar rana. Ga manoman rani na Ɗanja zai taɓo ƙwaron tumatir da ake kira sharon, wanda ya yi mummunar ɓarna a arewa a wannan shekara ta 2016. Da kaka kuma zai koma kan ajiya, ya bayyana yadda buhu mai ninki uku yake kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba guba a abinci ba.

Bayan bayani sai a buɗe zaure don tambayoyi. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo, domin manomin da ya shekara talatin yana noma ba ya ruɗuwa da zaƙin baki. A nan ne kuma baƙo yake samun abin da ya zo nema. Wanda ya tambayi maganin wuta-wuta a gonar dawa ya riga ya faɗi amfanin da yake nomawa da ciwon da yake damunsa. Wanda ya tambayi yadda zai ajiye buhu ɗari biyu ya faɗi girman hannunsa. Baƙo mai lura yakan riƙe waɗannan sunaye. A ƙarshe mai zaure ya yi godiya, ya ba da izinin a saka lambar baƙo da kwatancen shagonsa, a yi addu'a a tashi.

Aikin gaskiya yana farawa washegari. Daga cikin masu sauraro kaɗan ne za su yi magana, daga cikin masu magana kaɗan ne za su kira, daga cikin masu kira kaɗan ne za su sayi wani abu a wannan mako. Ɗan kasuwa mai haƙuri ba ya raina wannan kaɗan. Yakan bi mai tambaya da gaisuwa, ya ji yadda gonar ta kwana, ya ba da shawara ko da ba a sayi kome ba. Alheri danƙo ne. Mai gaggawa kuwa yakan kwashe lambobin mutanen zaure gaba ɗaya ya dinga yi musu ruwan talla dare da rana, ya ɓata sunansa ya ɓata na wanda ya gayyato shi.

Abin da Kowa Yake Samu

Idan aka auna wannan da tsarin fatoma, za a ga kayan ginin ɗaya ne, sai dai an juya su. A dā maigida ne yake ba da kyauta, watau ɗaki da abinci, don ya jawo ciniki. Yanzu baƙo ne yake ba da kyauta, watau ilimi, don ciniki ya biyo shi. A dā baƙo yana zuwa da kaya yana neman masu saye ta hannun maigida. Yanzu ma haka ne, illa dai kayan suna can a shago, muryarsa kawai ta zo. Mai zaure kuma yana da tasa riba. Zauren da ake kawo masana ba ya mutuwa, jama'a suna ƙaruwa, kuma girman mai shi yana ƙaruwa a idon 'yan kasuwa. Wani mai zauren yakan karɓi kuɗi ko kamasho a kan cinikin da ya biyo baya, wanda shi ne la'ada da sabon suna. Masu sauraro su ma sun sami shawarar da a zamanin Shirin Funtuwa sai malamin gona ya zo a kan babur kafin a ji ta.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Matan aure na ƙasar Hausa sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, suna sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da hatsin awo ta hannun yara masu talla. Zauren gida iyaka ne gare su, ba su zama a cikinsa. Zauren waya kuwa ya ba mace damar ta yi bayani ga mata ɗari a kan kiwon kaji ko sarrafa waken suya ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma ba tare da an cire yarinya daga makaranta don ɗaukar faranti ba.

Inda Gizo Yake Saƙa

Duk da wannan kamanni, akwai wurin da sabon tsari ya rabu da tsohon. Fatoma yana gabatar da baƙo, kuma yana tsaya masa. Mai zauren waya sau da yawa yana gabatarwa ne kawai. Idan ciniki ya lalace, sai a ji ya ce shi dai haɗa mutane ya yi, kowa ya yi hattara da kansa. Amma masu sauraro ba haka suka fahimci gabatarwar ba. Sun ji ta ne da kunnen al'ada, inda duk wanda maigida ya shigo da shi zaure ya zama a wuyan maigida. Tsakanin abin da mai zaure yake nufi da abin da jama'a suka ji, nan ne dukiyar mutane take zurarewa.

Hanyoyin zurarewar sanannu ne. Akwai mai nuna hoton buhunan da ba nasa ba, a tura masa kuɗin kafin alƙalami, ya rufe waya. Akwai mai karɓar kaya ya turo alat na bogi. Akwai mai kawo samfur mai kyau, in mota ta iso a tarar da ƙasan buhu tsakuwa da dusa. Akwai kuma wata dabara mai laushi, inda baƙo yake shigo da abokansa cikin zaure tun kafin ranarsa, in ya gama magana su yi ta yabon kayansa kamar ba su san shi ba. Malaman fiƙihu sun san 'yar'uwar wannan tun dā, suna kiranta najashu, watau mutum ya ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma shari'a ta hana. Hausawa kuwa sun daɗe da yanke hukunci a kan cinikin biri a sama.

Ko a dā ma akwai baƙo iri biyu masu tara jama'a. Akwai malamin gona da yake sauka a ƙofar dagaci, an san ofishinsa, an san inda za a kai ƙararsa. Akwai kuma mai maganin gargajiya na ranar kasuwa, wanda zai tara mutane da lasifika, ya sayar, la'asar ta yi ya hau mota. A ƙauye ba a rikita su, domin ido yana gani. A waya kuwa muryarsu iri ɗaya ce, hotonsu ma iri ɗaya. Mai zaure ne kaɗai yake da damar bambance su kafin ya buɗe musu ƙofa. In ya karɓi kuɗi ya gabatar da wanda bai bincika ba, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka zaurukan da suke ɗorewa su ne waɗanda suka maido da wani abu na lamuni. Mai zaure ba ya gabatar da kowa sai ya taka ya ga shagonsa, ko wani amintacce na garin ya shaide shi. Yakan faɗa a fili ko ya tsaya wa baƙo ko bai tsaya ba, kuma in yana da kamasho ya bayyana. A babban ciniki akan ajiye kuɗi a hannun wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, sai kaya sun isa an duba sa'an nan a saki. Akan kuma rubuta sharuɗɗa da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Duk waɗannan ba sababbin abubuwa ba ne. Aikin fatoma ne aka rarraba wa mutane uku ko huɗu.

Darasin Shekarar 2021

A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari da Sabuwa, kuma sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da su. Katsewar ta faɗo a daidai kaka, lokacin da masara take shigowa kasuwa. Zaurukan waya na yankin suka yi tsit, aika kuɗi ta waya ya tsaya, mai son yin kira sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake. Amma ba a daina awo a Ɗandume ba. Wanda yake da maigida na ƙasa, wanda ya san ƙofar gidansa, ya iya aika yaro da saƙo ko ya hau mota ya je. Wanda duk sanayyarsa lamba ce a waya, ba shi da inda zai nufa.

Wannan ya nuna matsayin kowanne. Rashin tsaro a hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ɗandume yana cikin abin da ya sa mai saye na nesa yake son ya gama magana ta waya kafin ya taso, ya kuma guji yawo da tsabar kuɗi, don haka bukatar zauren waya ba za ta ragu ba. Amma zauren yana tsaye ne a kan turakun da ba nasa ba: sabis na kamfani, izinin hukuma, cajin batir. Zumunta a ƙafa take, kuma ɗan kasuwar da ya sami mutum a zauren waya bai gama samunsa ba sai ya je ya ga gonarsa, ya ci tuwon gidansa, ya halarci sunan ɗansa.

Kammalawa

An ga cewa baƙuncin zauren waya reshe ne na tsohuwar bishiya. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kyauta tana jawo ciniki, kuma baƙo ba ya ciniki a gari sai ta hannun ɗan gari. Abin da waya ta ƙara shi ne sauri da nisa da yawan masu sauraro, ta kuma shigo da mata da matasa cikin fagen da a dā na masu manyan gidaje ne. Abin da ta rage shi ne nauyin da yake kan mai gabatarwa. Baƙon da yake son a sake gayyatarsa zai ba da ilimi na gaskiya ya bar kayansa su biyo baya, mai zaure kuma zai tuna cewa sunansa yake ba da aro duk daren da ya ce "ga baƙonmu".

Ga ɗaliban Hausa akwai aiki a nan. Kalmomin fuloti da 'yan baranda suna shuɗewa tare da tsofaffin da suka san su, sababbi irin su alat da kamasho da sabis suna zama, tsofaffi irin su zaure da la'ada suna ɗaukar sabon kaya. Saƙonnin muryar da ake yi a waɗannan zauruka cike suke da salon tayi da albarka da sallamawa, da karin harshen Katsinanci da na Zazzaganci da suka haɗu a wannan yanki, kuma yawancinsu ana share su in waya ta cika. Wanda ya nemi izinin masu zaure ya tattara su, ya kuma zauna da sauran fatomomin Funtuwa da Bakori ya ji daga bakinsu, zai adana wa harshen abin da ƙamus bai riga ya kama ba.